Sunan Dogo a Saman Fayil

Manhajar kwamfuta da Injiniya da abokan aikinta suke kula da ita ta kowa ce. Kowa na iya rubuto ƙari, amma ba a haɗa shi sai Injiniya ta danna amincewa. Wannan karon ƙarin daga mijin yayarta ya fito, sashe ne mai sa shafukan intanet su buɗe da sauri. Abokan aiki sai zuba yabo suke, ita kuwa tana karantawa ta gane ba nasa ba ne.

Aikin Dogo ne, abokin aikinsu da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ta san hannunsa sarai. Hatta kuskuren da ta taɓa nuna masa yana nan daram. Abu ɗaya aka taɓa: an goge sunan Dogo a saman fayil, an rangaɗa na mijin yaya. Abin takaicin, Dogo kyauta ya saki aikin, sharaɗinsa kawai a bar sunansa. Kyautar ma sai da aka sace.

Ranar Asabar ta ɗauki kwamfutarta ta tafi gidan yayarta. Ta tarar da mijin a falo ya miƙe ƙafa bisa tebur yana sakace.

"Ƙanwata, har yanzu ba ki danna ba? Na riga na faɗa wa oga a ofis an karɓa. Ƙarin girma na kan hanya."

"Yaya, mayar da sunan Dogo, yanzu in haɗa."

Ya yi dariya, ya duba tsinken ya mayar baki.

"In na mayar, me zan nuna wa oga? Dogon da ko cokali ba ya iya riƙewa, me zai yi da suna?"

Ƙyama ta kama ta. Yayarta na tsaye bakin kicin da tire, tana mata kallon roƙo, ita da ta raine ta tun rasuwar mahaifiyarsu. Injiniya ta kawar da kai. Ta buɗe kwamfuta a gabansa ta danna ƙi, ta rubuta dalili inda duk duniya za ta karanta, har da ogan.

Ta miƙe ta yi sallama. Shi ya ci gaba da sakacensa, wannan bai dame ta ba. A bakin ƙofa ta tsaya neman takalmi, tana jan lokaci, tana jiran yayarta ta fito rakiya kamar kullum. Sai ta ji an kunna famfon kicin, an hau wanke-wanke.