Ruwan da Aka Ce Ya Shiga Wayar Goggo Tabawa

Kana wurin. Kada ka ce mini ba ka gani ba. In ba kai ne mai farar hula a ƙarshen benci ba, to ke ce mai jan mayafi da ta sunkuyar da kai tana latse-latse. Kun ji da kunnenku lokacin da ma'aikacin kamfanin waya ya dubi tsohuwa mai shekara sittin da bakwai ya ce, "Mama, ruwa ne ya shiga. Garanti ba ya ɗaukar ruwa." Kun ji, kuka kawar da kai.

Tsohuwar nan Goggona ce, Tabawa, yayar mahaifina, ungozomar ƙauyenmu can bayan Gumel. Akuya ta sayar bara ta sayi wayar, don abu guda: in haihuwa ta zo da gardama, ta kira Ɗan'azumi mai mota ya kai mace asibiti. Makon jiya wayar ta mutu tana kan caji. Garantinta zai ƙare ranar Juma'a. Ga kuma Laure matar maƙeri, cikinta ya shiga wata tara, ita da jini ya kusa tafiya da ita a haihuwar baya. Na ba Goggo tawa ta riƙe, gilashin ya ƙi jin yatsanta saboda kaushi. Ta miƙo mini ta ce waya mai girman kai ba ta aikin ungozoma.

Muka yi sammako zuwa shagon kamfanin a birni. Ma'aikacin ya karɓi wayar, ya shige bayan wani shuɗin labule, ya fito bayan minti uku ya nuna mana wani ɗigo a ƙarƙashin batir, bai kai ƙwayar gero ba. Ja ne.

Ya ce, "Fari yake zuwa. In ya yi ja, ruwa ne."

Goggo ta ce, "Ruwa? Ɗan nan, rijiyarmu shekara uku ke nan sai ƙadangaru. Jarka nake saya. In ka san inda ruwan ya fito, nuna mini in kai tulu."

Wani ya yi dariya a bayanmu. Na bugi kantar shagon na ce sai na ga manaja, aka ce sai bayan azahar. Muka koma benci. Fanka a tsaye, zafi kamar bakin murhu, ga zazzaɓin da na taso da shi tun daga gida. Kaina ya yi nauyi. Na jingina da bango.

Sanyi na fara ji a tafin ƙafa. Na duba, ruwa ne, baƙi, shiru, yana hawa ƙaurina. Bangon shagon ya ja da baya har ya ɓace, bencin ya ɗaga yana lilo kamar kwalekwale. Goggo ba ta kusa da ni.

"Ɗan boko, matsa in zauna."

Wani abu ne ya hawo bencin yana jan igiya a bayansa kamar wutsiya. Gugan rijiyarmu ne, na roba, da facinsa biyu da tsagar da ke gindinsa.

Na ce, "Me ya kawo ka birni?"

Ya ce, "Shekara uku ina sauka ina hawowa da ƙasa. Sai na ji an ce an ga ruwa a ɗakin Tabawa. Na zo in gani da idona."

Ya jefa igiyarsa gaba, ta kama abin da ban gani ba, bencin ya fara tafiya.

Muka iso wata bishiya da ta tsiro a tsakiyar ruwan. Ba ganye a jikinta. Wayoyi ne rataye, dubbai, kansu a ƙasa kamar jemagu, kowace da jan ido guda tana kallona. A gindin bishiyar an ɗaure wani dattijo da sarƙa. Ina hangen abin da ke bayansa ta cikin jikinsa, ƙananan kifaye suna kai da komo a ƙirjinsa.

Guga ya rusuna har ƙasa. "Ranka ya daɗe, mun daɗe ba mu haɗu ba." Ya juyo gare ni. "Gaida shi mana. Ruwa ke nan."

Na ce, "Baba, kai ka shiga wayar Goggo?"

Ya ce, "Ban san hanyar gidanta ba, yaro. Da na sani, randarta zan fara shiga."

"To an ce kai ne."

"Yau kaɗai an ce na shiga waya ɗari huɗu. Ni da na kasa shiga famfon unguwa guda."

"Me ya hana ka musantawa?"

Ya ɗaga sarƙar ya sake ta. "Ba a taɓa kirana in yi magana ba. Sunana kawai ake bukata."

Kafin in sake tambaya bishiyar ta nutse, shuɗin labulen ya sauko daga sama, ba bango, ba ƙusa, tsayinsa ya fi hasumiya. Guga ya tsaya cak.

Ya ce, "Nan iyakata. Ba a shiga da mai kaya, ba a shiga da shaida."

Na ɗaga labulen da hannu biyu. Wani labulen ne a bayansa. Na ɗaga, ga wani. Na yi ta ɗagawa har kafaɗuna suka yi tsami, sannan na faɗa cikin wani ɗaki mai tsawo. Tebur guda ne daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a kansa hannaye ne zalla, ba jiki, ba fuska, suna buga hatimi a kan takardu. Na ɗauki ɗaya. An rubuta: an ƙi, ruwa ne. Wurin suna babu komai. Sai daga baya wayoyin suke shigowa a kan faranti, a ɗora kowace a kan takardar da ta riga ta jira ta.

Na yi ihu, "Ba ku ma buɗe ba!" Hannayen ba su da kunne.

A ƙarshen teburin wani jan abu yana rataye kamar rana gab da faɗuwa. Ɗigon ne, ya kumbura ya cika bango, amma muryarsa siririya ce kamar ta sauro.

Na ce, "Yaushe ka yi ja?"

Ya ce, "Ban sani ba."

"Kai ne shaidar da aka karɓa!"

"Wataƙila a cikin jirgi ne, tun ina kan teku. Wataƙila gumin ƙirjin Goggonka ne, ranar da ta yi tafiyar ƙafa da rana tsaka zuwa rugar Fulani, wayar tana cikin lalita. Wataƙila ɗazun nan ne, wani yatsa mai yawu. Ni ban san bambancin kogi da gumi ba."

"To me ya kashe wayar?"

"Wannan ba a tambaye ni ba. Ni ma ban ga cikinta ba." Sannan ya ce, "Kai da ka yi karatu, ranar da kuka saya, ka ɗaga batir ka gan ni fari?"

Ban ɗaga ba. Ni na raka ta, ni na karanta mata takardar garantin da Turanci ina taƙama, ban san akwai shi ba.

Ruwan ya kai mini ƙirji. Tsoro ya kama ni, wani irin tsoro mai tambaya: in Ruwa yana can a ɗaure, wannan daga ina yake fitowa? Igiyar guga ta taɓa kafaɗata ta bayan labule.

Guga ya ce, "Juyo."

Na juya. Labulen ya tafi. Benci ne jere bayan benci har inda ido ya gaza, mutane zaune, kowa da matacciyar waya a tafin hannu da 'yar takardar lamba a ɗayan. Na gane mai farar hula. Na gane mai jan mayafi. Leɓunansu suna motsi a hankali.

"Sai haƙuri, Hajiya."

"Haka suke, ba a ja da kamfani."

"Wuce kawai, Allah ya mayar da alheri."

Duk wanda ya buɗe baki, ruwa ke zubowa daga ciki kamar indararo a tsakiyar damina. Ba su ma san suna yi ba. Suna zubarwa, yana hawa wuyansu, suna gyara zama.

A tsakiyarsu Goggo take tsaye, ruwa har haɓarta, ta ɗaga wayar sama da hannu guda. Matacciyar wayar tana ƙara. Ina jin muryar maƙeri daga cikinta, can nesa, "Goggo, jini ne! Goggo, ki kira mota!" Tana danna maɓalli da babban yatsa, ba abin da ke dannuwa.

Ta hango ni. Ba ta firgita ba, haushi ne a fuskarta.

Ta ce, "Kamilu, gaya musu su rufe mini baki. Haƙuri na san shi. Shi nake ba mace a kan gwiwa, ina riƙe da hannunta, ina aiki. Wannan ba shi ba ne."

Na cika ƙirjina da iska. Duk abin da na karanta a kan haƙƙin mai saye ya taru a maƙogwarona. Na buɗe baki zan girgiza duniya, sai na ji muryata tana cewa, a hankali, cikin ladabi:

"Goggo, mu haƙura mu tafi, kada motar gida ta wuce mu."

Ruwa ya ɓarke daga bakina. Ya fi na kowa yawa. Ina kallo ya rufe mata baki, ya rufe hanci, ya rufe ɗankwali, saura hannun nan guda a sama da wayar tana ƙara.

"Tashi, lauyan banza! Ka jiƙe mini mayafi da miyau."

Na zabura. Benci a ƙasa yake, fanka a tsaye, Goggo tana goge kafaɗarta. La'asar ta kusa.

Na ce, "Manajan fa?"

Ta ce, "Ya zo, ya leƙo, ya fice ta ƙofar baya kana minshari. Aka kawo mini takarda wai in sa hannu na yarda ruwa ne. Na ce ban iya rubutu ba." Ta sassauta murya. "Na iya. Yaƙi da jahilci na yi tun ubanka yana yawo ba wando."

Ta daɗe tana dubana ta gefen ido. Har yau ban sani ba ko maganar motar gida a mafarkin na faɗe ta ko kafin barci ya ɗauke ni. Na kasa tambayarta.

Ba ta sa hannu ba, don haka maganar ba ta mutu ba. Ranar Alhamis da ƙarfe goma za mu koma. Ban ce ka zagi kowa ba, ban ce ka fasa gilashi ba. Abin da muke nema kaɗan ne: a buɗe wayar a kan kantar shagon, a gaban mai ita, a nuna tsatsa ko laima in akwai, wanda ya duba ya rubuta sunansa. In babu, a ba ta wata kafin Juma'a, don cikin Laure ba ya duba kalanda.

Ka zo. Ki zo. Ku karɓi lamba ku zauna a bencin nan. In aka kira lambarku ba a buɗe wayar Goggo Tabawa a gaban idonta ba, kada wanda ya tashi.