Ranar da Bunma Ya Goya Sarki

Kwana tara da faɗuwar birni, hayaƙi bai gama tashi ba, tsoho Bunma ya tsinci sarki kwance cikin ciyawa a bayan wani ƙonannen haikali. Shekara talatin yana tuƙa kwalekwalen fada bai taɓa ganin fuskar mutumin nan ba, don in sarki zai wuce, goshi a ƙasa yake. Da ƙafa ya gane shi, mai tabo a babban yatsa.

Yunwa ta gama da sarki, ko zama ba ya iyawa. Mayaƙan da suka ci garin kuwa shi suke nema, har ana jiyo kukan giwayensu daga ƙetaren gonakin shinkafa. Kwalekwalen Bunma na bakin kogi, bai fi taku ɗari biyu ba.

To, amma doka doka ce. Talakan da ya taɓa jikin sarki, kansa zai bayar, har da na iyalinsa. Ko ruwa sarki ya faɗa, sandar gora ake miƙa masa, ba hannu ba. Gorar kuwa Bunma ya miƙa, sarki ya kama, yatsu suka zame. Sau uku ana haka.

Iyam, matar Bunma da ke tare da shi, ta ja shi gefe, ta roƙe shi su ajiye masa shinkafa a ganye su yi ta kansu, ta tuna masa da jikokinsu huɗu. Tsoro ya kama Bunma, ba ƙarya, amma haushi ya fi yawa. Ina manyan fadawan da ke tsare dokar? Duk sun cika wandonsu da iska, sun bar masa aiki.

Ya rarrafa, ya haɗa tafuka a goshi ya nemi gafara, sannan ya juya baya ya goya ubangidansa. Ashe bai kai nauyin damin shinkafa ba.

Suna tsakiyar hanya sarki ya yi magana a kunnensa, murya can ƙasa.

"Tsoho, ka san hukuncin abin da ka yi?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Mu kai ruwa tukuna."

Can Bunma ya ji hawaye na bin wuyansa, hannuwan sarki kuma suka ƙara ƙanƙame shi.

"Tun ina shekara bakwai," in ji sarki, "ba wanda ya taɓa ni."