Injin Ciyawar Baba Azariya

Tun Ista ta bara Baba bai ƙara kiran sunana ba. Ni ke yi masa wanka, ni ke dama masa kunun acca, ni ke yanke masa farce, amma kullum kallon baƙuwa yake yi mini. Yakan ce ya gode, da ladabinsa, kamar wanda aka ba ruwa a gidan mutane. Likita ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba shi da magani. Kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi ji. Ni ba warkewa nake nema masa ba. So nake ya dube ni sau ɗaya ya ce "Hellen", ko da faɗa zai yi mini.

Shekara talatin da huɗu Baba Azariya ya yi yana gyaran filin wata makarantar mishan a nan Kafanchan. Injin da yake yankan ciyawa da shi irin na da ne mai shan fetur, wanda ake turawa: wuƙaƙensa a murɗe suke kamar ganga a gaba, ga wata doguwar wuƙa kwance a ƙarƙashinsu, ga rola mai nauyi a baya. Da zai yi ritaya makarantar ta riga ta sayi sababbi na ratayawa a kafaɗa, sai aka ce ya tafi da tsohon. Tun daga lokacin yake bayan kicin ɗinmu, kaji na yin ƙwai a cikin akwatinsa na tara ciyawa.

A watan Yuni maƙwabcinmu ya tada injin jawo ruwa daga rijiya. Baba, wanda yakan wuni bai ce uffan ba, ya miƙe zumbur yana neman hularsa, wai ciyawa ta yi tsawo. Na minti biyu idanunsa suka dawo irin na da, sannan suka sake tafiya. Nan na ƙudura a raina cewa sai na tada masa nasa injin.

Na kira ƙanena Gregory. Shi a Sabon Tasha, can Kaduna, yake zaune, kuma daga can, ta waya, ya fi kowa sanin yadda ake jinyar Baba.

"Sista, wannan abu ya mutu tun lokacin soja," in ji shi. "Ki sayar ma 'yan gwangwan kawai, ki daina wahalar da kanki."

Na ce masa na gode da shawara, na kashe wayata.

A Keke mai ƙafa uku aka kai injin wurin Misbahu, mai gyaran janareta a bayan kasuwa. Ya zagaya shi sau biyu yana dariya, ya ce tun da yake bai taɓa ganin irinsa ba. Da ya buɗe kan injin sai dariyar ta tsaya. Ruwan damina ya yi shekara da shekaru a ciki, fistin ya manne, jikin ma ya tsage.

"Anti, wannan ya riga ya tafi," ya ce. "Ko Kaduna aka je ba za a samu kayansa ba. Amma gangar jikin nan ƙarfe ne na gaske. In kin yarda, in ɗora masa sabon inji, irin na markaɗe."

Na yarda, ba don raina ya so ba. Mako uku aka yi ana fama. Ramukan noti ba su yi daidai ba, sai da aka yanko faranti na ƙarfe aka yi walda. Sabon injin ya cika gudu, Misbahu ya yi ta canza bel yana gwadawa har ya samu wanda ya zauna. Ni kuma in na tashi daga makarantar da nake koyarwa sai in biya ta rumfarsa, in zauna a benci da sanfefa da kananzir ina kankare tsatsa. Mata masu wucewa suna kallona, malama guda da baƙin mai har gwiwar hannu. Ban kula su ba. Da Misbahu ya ce zai canza katakon hannun, na hana, domin yatsun Baba sun ci wurin har ya yi kwarmi.

Wata Asabar da safe muka kai shi filin cocinmu, bayan na roƙi fasto. An yi ruwa da asuba, rana ta fito. Na sa wa Baba tsohon kakinsa da hularsa, na zaunar da shi a kujera gindin mangwaro.

Misbahu ya ja igiya sau ɗaya, inji ya kama. Na zuba wa Baba ido. Ya ɗan karkata kai, ya saurara.

"Wa ke markaɗe?" ya ce, ya mayar da kansa ƙasa.

Ashe ba ƙarar da ya sani ba ce, na ɗauko masa muryar wani na sa a jikin abokinsa. Na ji haushin kaina, na ji haushin Gregory ma, don dai kawai ya yi gaskiya. Misbahu bai san abin da zai yi ba, sai ya fara tura injin cikin ciyawa. Yana tafiya lafiya, amma ba yanka yake yi ba, tauna ciyawar yake yana bari a yamutse.

"Kashe! Kashe shi!"

Baba ne a tsaye. Ya taka zuwa wurin ba tare da sanda ba, ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya miƙo hannu baya bai ko waiwayo ba. "Takarda."

Na yago shafi daga littafin darasina na ba shi. Ya sa shi tsakanin wuƙaƙen sama da ta ƙasa, ya juya gangar da hannu. Takardar ta lanƙwashe, ba ta yanku ba. Ya yi tsaki.

"Wa ya koya maka aiki?" ya ce wa Misbahu. "Wannan ba adda ba ne, almakashi ne. Sai wuƙan sama ya sumbaci na ƙasa. Kawo sifana."

Misbahu ya miƙa masa da hannu biyu. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa ya ɗaure notin dama kaɗan, ya koma na hagu, ya gwada, ya sake taɓa na dama. A karo na huɗu takardar ta rabu biyu, ƙyas. Ya bi wuƙar daga wannan gefe zuwa wancan yana gwadawa har shafin ya ƙare.

Aka sake tada inji, Baba ya kama hannun. Ya tafi ɗoɗar har bakin katanga, ya juyo, ya dawo gefen layin farko, ciyawa na zuba cikin akwati. Filin ya fara fitar da zane, layi mai haske, layi mai duhu. Ina tafiya a gefensa ina kuka, ban ma damu da Misbahu na gani ba.

A layi na biyar ya gaji. Ya kashe injin da kansa, ya tsaya yana haki, sannan ya juyo ya dube ni sosai, ido cikin ido. Rabon da ya dube ni haka har na manta.

"Baba," na ce, "ka gane ni?"

Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Madam, don Allah ina roƙon izini in tashi da wuri yau. Zan gama sauran gobe. Yarinya na yana firamare, Hellen, ƙarfe ɗaya suke tashi. Ƙarami ne, yana tsoron tsallake layin dogo shi kaɗai. In bai gan ni a bakin get ba, zai yi ta kuka."

Yana tsaye yana jira, hula a hannu, yana duban rana don ya san lokaci.

"Ka je, Malam Azariya," na ce. "Kada ka bar ta tana jira."