Husufin da Mushe Bakari Bai Gani Ba

"Suwaiba! Cire firigon nan naki, za ni tada ta!"

Ta saman katanga muryar ta zo, ina tsugune ina ƙulla lamurje a leda. Ko kai ban ɗaga ba.

"Haba Baba Mushe, yau hwa kasuwa ce. Ƙanƙarar ko kamawa ba ta yi ba."

"Kuran ya dawo tun hantsi, wa ya san sadda za su ɗauke? Cire, don Allah."

Na tashi na fizge wayar da ƙarfi, har sai da abin bangon ya nemi biyo hannuna. Jim kaɗan na ji ta fara gurnani a ɗakinsa, kamar injin niƙa daga nesa. Na tsaya ina kallon ledojina, na tabbata yau ma ruwan ɗumi zan kai kasuwar Gazawa.

Kontar ɗaya muke sha da shi, wato mitar wutar lantarki, wutar da muke ce wa kuran. Tasa ce, waya kawai aka ja min ta kan katanga tun matarsa Inna Kadi tana raye. Ƙaramar kontar ce, ba ta ɗaukar firigona da na'urarsa lokaci guda. Na'urar kuwa ordinatar ce wai, wato kwamfuta, amma ba irin wadda ake gani a buro, a ofisoshin yanzu ba. Ta fi ni tsawo, ta cinye rabin ɗaki, ga zafi tana fitarwa kamar murhu. A ƙirjinta akwai wurin da ake maƙala faifai mai faɗin faranti, wanda aka naɗe wa baƙin zare mai ƙyalli irin na kaset, sai dai ya fi shi faɗi.

Mushe Bakari, kamar yadda ake kiran 'yan boko a nan da Faransanci, ɗan garin nan ne, amma a Yamai ya yi aiki, a wani buro na masu binciken sararin sama. Shekarar da aka yi husufin rana, wanda gari ya yi duhu da hantsi, shi ya kawo abokan aikinsa nan. Suka kafa abin ɗaukar hoto a filin lakol, makarantar boko, suka sa na'urar nan cikin aji, suka rufe tagogi. Aikinsa shi ne tsaron faifan, don zaren yana yawan sarƙewa. Da rana ta fara kamuwa, zaren ya fara halinsa. Ya duƙa a kansa yana lallaɓa shi da yatsa, yana jin kabbarar mutane da ƙarar gwangwanayen yara a waje. Da ya fito, gari ya riga ya washe.

"Duk Gazawa an gani," haka yake cewa. "Har awaki sun gani. Ni da na yi shekara ina shiri, bango na kalla."

Hotunan suna cikin faifan, amma ba a buɗe su sai an ɗura wa na'urar wani karatu na musamman, shi yana ce masa lojisiyel. Shugaban buron ya tafi da lojisiyel ɗin ƙasar waje, buron ya mutu, aka ce za a sayar da na'urar wa masu gwangwan. Mushe ya ɗauko ta a mota ya kawo gida. Shekara kusan ashirin tana zaune. Sai bana wani tsohon abokin aikinsa ya aiko masa da faifan lojisiyel ɗin, daidai lokacin da ciwon suga ya fara cinye masa ido, ƙafafu suka kumbura.

Ni ina ruwana da wannan duka? Ruwana ɗaya ne, Inna Kadi. Ita ta yi min wankan jego lokacin da ba ni da kowa a garin nan, ita kuma ta ce a ja min wayar. Shi ya sa duk masifata nake cirewa.

Ran nan ma ban daɗe da cirewa ba ya sake kira.

"Zo ki karanta mini, ɗiyata. Rubutun ya zama tururuwa."

Na shiga ina huci. Karatuna na lakol bai yi nisa ba, kuma abin da ke fitowa a gilashin ba Faransanci ba ne, don haka harafi-harafi nake kira masa. Shi kuma ya lalubi madannan ya ba ta amsa. Tambaya gare ta kamar jandarma. Wane irin gilashi aka haɗa mata? A wace ƙofa faifai yake? A ina za ta ajiye abin da ta karanta, kuma wurin zai isa? In ta gama tambaya sai ta shiga harhaɗa karatun guntu-guntu, layi yana bin layi, daga hantsi har bayan la'asar. In kuran ya ɗauke a tsakani, shi ke nan, an koma farko.

Kuma yana ɗaukewa. Wallahi kamar da gayya. Sai mun kusa, sai ka ji ɗif, fankar cikinta ta yi ta lafawa har ta yi shiru. Mushe ya buga sandarsa a ƙasa ya yi ta faɗa da masu kuran da ba sa jin sa. Wata rana kuma ni ce na kira masa sifiri a wurin harafin "o", aikin yini guda ya rushe.

"Sifiri mai gicciye a ciki! Sau nawa zan faɗa miki?"

"To nemi mai ido huɗu! Ni lamurjena ya lalace a banza, kuma a yi mini tsawa?"

Na fice na bugo ƙofa. Washegari da safe na kai masa kunu, muka ci gaba, ba wanda ya ba wani haƙuri.

Gero ya fara ido sa'ad da ciwon ya kayar da shi. Aka kai shi likita a Maradi ya yi kwanaki. Ƙanensa Inusa, wanda ke noma gonar gadonsu a hanyar Agye, shi ya riƙe mabuɗin gidan. Mutum ne mai yawan dariya, ba ya zuwa hannu sake, ko wake ne sai ya riƙo. Bara Mushe ya ba shi wasu matattun fayafai da suka lalace, ya warware zaren ya ɗaure a gona. A nan haka ake yi da zaren kaset: a ja shi daga sanda zuwa sanda, in iska ta kaɗa ya yi ta walƙiya yana kuka, tsuntsaye su ji tsoro.

Da aka dawo da Mushe, na san ba sauƙi ya samu ba, sallamar sa kawai aka yi. Fuskarsa ta faɗa, sai an riƙe shi yake zama. Amma kafin ya sha ruwa ya ce, "Akwai kuran?"

Akwai. Na je na cire firigo ba tare da ya roƙa ba.

Ranar, ikon Allah, ba a ɗauke ba. Muka amsa tambayoyinta duka, na kira kowane harafi a hankali kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Layuka suka yi ta wucewa. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Sai ta tsaya, ta fito da ɗan gajeren rubutu, wata 'yar alama tana ƙiftawa a gabansa.

"Karanta," in ji shi. Na karanta.

"Ta ɗauka. Suwaiba, ta ɗauka! Tsaya mu gwada ta da hoton da ya zo da ita."

Ya danna wasu haruffa. Hoto ya fara saukowa daga sama, layi-layi, baƙi da fari. Wani farin abu ne a murɗe kamar gammo. Ya kai fuskarsa dab da gilashin har hancinsa yana taɓawa.

"Ina gani," ya ce. "Dishi-dishi, amma ina gani. Taurari ne wannan, garke guda. Maza, hau kujera. Bisa kabad akwai kwali, naɗe cikin zanen Kadi."

Na hau na sauko da shi. Tun a hannu na ji bai yi nauyin da ya kamata ba. Na kwance zanen, na buɗe kwalin. Faifan yana nan, da takardarsa manne da rubutun hannunsa. Zare ne babu. Ko taku ɗaya.

"Miƙo mana. Mi kike jira?"

Na miƙa masa. Ya shafa shi, ya zura yatsa tsakanin fuskokin biyu har ya taɓo ƙashin tsakiya. Ya juya shi ya sake shafawa. Sai ga sallamar Inusa a tsakar gida, ya shigo da ɗanyar gyaɗa a ƙwarya, yana fara'a.

"Yaya, ya jiki? Ka ga ta fara nuna."

"Inusa. Ina zaren wanga faifai?"

"Au, wannan? Ai yana gona. Tsuntsun bana ba ka gan shi ba, Yaya, kamar hadari. Na duba sauran duk sun rube, suna tsinkewa a hannu. Wannan ne mai kyau, an adana shi, ga tsawo! Ya zagaye gonar har na ba Usaini maƙwabcina saura."

Ban san sadda na miƙe ba. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba.

"Cikin zanen matarsa ka same shi! Bisa kabad! Abin da aka naɗe cikin zanen mamaciya, shi ne ya yi maka kama da shara? Ba ka da bakin tambaya? Damina guda ina zubar da sana'ata, bawan Allah nan yana kashe sauran idonsa, kai kuma ka kwashe ka kai wa tsuntsaye!"

"Ke Suwaiba, kama bakinki, ba da ke nike ba. Zare ne hwa! Bara shi da hannunshi ya ba ni irinshi. Geron nan da nike tsaro, wa ke cin shi? Ba shi ba? Ko taurarin za ya dama ya sha?"

Abin da ya ƙara ƙona min rai, ba ƙarya ya yi ba. Sai na ji kamar in kife masa ƙwaryar gyaɗar a ka.

"Ka yanka shi?" Mushe ya tambaya. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"To dole a yanka mana, a ƙulla a sanda."

"An yi ruwa a kai?"

"An yi, har da iska."

Mushe ya ɗaga faifan ya wurga. Ƙarfi babu, a gaban ƙafarsa ya faɗi, ya gangara ya tsaya jikin na'urar.

"Fita," ya ce. "Ɗauki gyaɗarka ka fita mini daga gida."

Inusa ya fita yana gunaguni, yana cewa ciwo ne ya taɓa wa Yaya kai. Na ce zan hau kabu-kabu yanzu in je in tattaro zaren, mu ƙulla shi, mu naɗe. Ya girgiza kai. Ya ce abin da ke jikin zaren ba ya jure ko zanen yatsa, balle rana da ruwan sama.

Muka zauna, na'urar tana ta gurnaninta, gammon taurarin yana kan gilashi.

"Ke kin gani, ran husufin nan?" in ji shi.

"Na gani."

"Faɗa mini."

Na ce ina budurwa lokacin, ina bakin rijiya a ƙauyenmu nan kusa. Haske ya koma wani iri, kamar an zuba masa toka. Sanyi ya taso, kaji suka nufi akurki. Sai rana ta zama baƙin rami, da farin gashi-gashi kewaye da ita, ga tauraro guda a gefe da hantsi. Na yar da guga na yi ta salati.

"Farin nan, ta wane gefe ya fi tsawo?"

"Wallahi ban lura ba, Baba. Tsoro nike ji."

"Haka Kadi ta ce." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Gari guda kun gani, ba wanda ya duba."

Ya lalubo bayan na'urar da kansa ya kashe. Fankar ta lafa a hankali. Kuran yana nan, ƙwan ɗakin yana ci.

"Je ki kunna firigonki, ɗiyata. Ba ni ƙara ce miki ki cire."

Bai ƙara ba kuwa. Kwanakin da suka rage masa ƙanƙarata ta yi ta kamawa kamar dutse, ni kuma ko son buɗe firigon ba na yi. Ina kai masa kunu, ya kurɓa kaɗan ya juya fuska bango. Inusa ya zo sau da yawa, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ranar ƙarshe dai Mushe ya miƙa masa hannu. Da hantsi ya cika, ina tsakar gidansa ina wanke masa kofi.

A zaman makoki ina daga ciki ina jin maza suna cewa Mushe mutum ne mai haƙuri, bai taɓa sa abin duniya a ransa ba. Na cije leɓe har na ji gishiri. Kafin sadakar bakwai har wani mai sayen gwangwan ya zo yana ƙwanƙwasa gefen na'urar da ɗan yatsa, yana tambaya ko akwai jan ƙarfe a ciki. Na kore shi da muciya, duk da na san ba ni da gado a gidan, kuma zai dawo.

Bayan an watse na hau amalanken masu komawa ƙauye, na sauka a gonar. Ban san abin da na je yi ba. Gero ya sunkuya, ya kusa yanka. Ga zaren nan, daga sanda zuwa sanda, ya zagaye gonar ya tsallaka ta Usaini. Rana ta cinye ƙyallinsa, ya yi fari-fari, wani wurin ya tsinke yana jan ƙasa. Na kama wani guntu na ɗaga shi saitin rana, na ƙura ido. Ba komai sai ƙura a jiki.

Tsuntsayen ma sun saba da shi. Ga su nan jere a kan zaren, yana lilo da su a iska. In ɗaya ya huta sai ya sauka kan zangarniya ya ci, ya dawo ya zauna.