Talatin da Sittin da Biyar

Motar ta wuce Haɗejiya, Madu bai daina shafa aljihunsa ba. Takardu biyu ne a ciki, tasa da ta Usaini.

Mako ɗaya aka yi musu aiki a Kano, ciwo iri ɗaya, kansar fankiriyas, 'yar tsokar nan da ke bayan tumbi. Yau da suka koma, likita ya zuba shekarun kowa da girman ƙarin da aka cire a kwamfuta, ta fitar da lissafi: cikin mutum ɗari masu irin halinka, nawa ke kai shekara uku. Na Madu talatin. Na Usaini sittin da biyar.

Usaini, manomin shinkafa a Nguru, bai yi boko ba, kuma da likita ya fara bayani kunya ta sa shi gyaɗa kai kawai. Shi ya sa ya miƙa wa Madu takardar ya riƙe masa.

Hassada ta cika Madu, ya kuma san hassada ce. Shi da ko goro bai taɓa ci ba, yana can Gashuwa yana bandar kifinsa, ga 'yarsa Mardiyya ko yaye ta ba a yi ba. Wannan tsohon kuwa taba ta cinye masa haƙora, 'ya'yansa duk sun yi aure, amma shi kwamfuta ta zaɓa. Ga shi ma yana ta tsotsar rake hankali kwance.

"Malam Madu," in ji Usaini, "na ga fuskar likitan nan, tawa ta ƙare. Gobe zan sayar da fadamar, in raba wa yara."

Madu ya yi shiru. Shirun ya yi masa daɗi, har suka hango tashar Nguru.

Usaini ya sauka, ya miƙo hannu ta taga. Madu ya ba shi takardar, amma bai saki gefenta ba.

"Baba Usaini, kada ka sayar. Likita ya ce sai Allah, amma lissafinka mai kyau ne. Ka shuka bana."

"Alhamdu lillahi. Kai fa?"

"Kusan ɗaya da naka."

"To, baɗi buhun shinkafarka na farko na wurina."

Motar ta tashi. Madu ya ninke takardarsa, ya tura ƙarƙashin hula.