Layuka Huɗu na Baba Firmin

Shekara uku cur ina noman inabi a tudunmu na Limoux ba tare da maganin feshi na kamfani ba. Saura kwana biyu jami'ar hukuma ta zo ta tsinki ganye ta kai gwaji. In aka samu ko ɗigon magani a jiki, shekara ukun nan sun tafi a banza, kwalaben giyata mai kumfa ba za su samu tambarin shaida ba. Sai ga ruwan sama kwana biyar a jere, irin wanda ke kawo wa inabi fumfuna.

Gonata ta yi iyaka da ta Baba Firmin, abokin marigayi babana, tsohon da ko tari itacensa ya yi sai ya ɗauko injin feshi. Iska kuwa daga wajensa take kaɗowa zuwa nawa. Ni ba na son roƙo, amma na haɗiye girman kai na tafi.

Na same shi a ƙofar gida yana cin wake da naman agwagwa.

"A'a, sarauniyar ciyawa ce da kanta," ya ce. "Zomaye sun kore ki daga gonar ne?"

"Baba, don Allah ka ɗaga feshin gobe zuwa Juma'a."

"Juma'a? Kafin nan ai sai dai in fesa wa kara. Ke kika zaɓi noman wahala, 'yar nan, ni ban zaɓa ba."

"Kwana biyu kawai."

"Ga wake, zauna ki ci. Kin rame kamar inabinki."

Ban ci ba. Na koma gida ina zaginsa a zuci, zagin da ba zan iya maimaitawa ba.

Da gari ya waye na ji ƙarar tarakta. Na fito a guje da takalmi ƙafa ɗaya, na tsaya a bakin iyaka. Baba Firmin na tafe yana feshi layi bayan layi, yana matsowa. Da ya rage saura layuka huɗu tsakaninsa da ni, sai ya kashe injin, ya juya taraktar ya yi gida. Ko kallona bai yi ba.

Jami'ar ta zo ta tafi. Bayan mako uku takarda ta iso: ganyena fes. Na yi rawa ni kaɗai a ɗakin kwalabe. Layukan nan huɗu kuwa fumfuna ta cinye rabinsu, duk mai wucewa a hanya yana gani.

Na ɗauki kwalba ɗaya na kai masa. Ya buɗe, ya zuba, ya ɗaga kofin yana kallon kumfar tana hawa.

"Ta yi tsami," ya ce, ya ƙara zubawa.

"Baba, na ga abin da ka yi. Na gode."

"Me na yi? Magani ne ya ƙare mini."

"Da tanki rabi?"

Ya harare ni, ya sha, ya daɗe yana kallon layukansa da suka lalace.

"Shekara hamsin ban taɓa barin itace ba feshi ba," ya ce. "Yau a kasuwa har ana ce mini na shiga ƙungiyarku ta masu ƙin feshi." Ya share baki da bayan hannu. "Baɗi ma haka zan bar su, tunda iska ba ta jin magana. Sai ki zo ki nuna mini yadda kuke yi, kada su mutu. Amma ki biyo ta ƙofar baya, kada a gan ki."