Haƙorin Hajiya Yalwa Ya Shiga Waƙa

Jiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa a tsakar gida, barci ya sace ni, na yi wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku abin da na kwanta da shi a ciki, ku ma kada ku kai gaba.

Hajiya Yalwa, aminiyata tun muna 'yan mata, ta ba ni amana. Haƙorin Makkanta ya maƙale a jikin rake ya tafi, wanda take washe mana yanzu wani maƙeri ne ya ƙwanƙwasa mata a bayan tasha. Kwana uku maganar tana motsi a cikina kamar na haɗiyi kwaɗo. Mutum ɗaya rak nake so in raɗa wa, Dije mai ƙuli-ƙuli, a kunne, yadda ko ta fito zan ce ban san zancen ba.

To, sai ga ni a ƙofar wani gari. Wata zabuwa tana zaune a kan tebur da tabarau, tana buga hatimi a ganyen kabewa. Ta dube ni ta rera:

"Iya, cire muryar magana. Nan ake barinta, kamar takalmi."

Na sa hannu a maƙogwaro na zaro ta. Ashe 'yar mitsitsiya ce, ruwan toka, ta koɗe kamar tsohon ɗankwali, sai ƙanshin goro take yi. Zabuwa ta rataye ta a ƙusa kusa da ta wani alƙali, ta miƙo min muryar waƙa. Wannan kuwa doguwa ce, har da gwaggwaro. Na haɗiye ta, ta tsaya min a ƙirji tana miƙa.

Sai ga ni a kasuwa. Masu ɗiban ruwa suna jefa guga sama, suna jawo shi ƙasa cike fal. Wani mutum da matarsa suna ta faɗa, amma da yake rerawa suke yi, ba mai raba su, kowa rawa yake takawa.

Can na hango Dije tana tuyar ƙuli-ƙuli a cikin randa. Na ja ta bayan wani raƙumi da ake yi wa kitso. Na duba dama, na duba hagu, na kare baki da gefen mayafi yadda muka saba, na ce bari in yi ƙasa-ƙasa.

Muryar waƙa ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Ina buɗe baki ta miƙe tsaye:

"Haƙoriii, haƙorin Hajiya Yalwa,
Ba na Makka ba ne, na bayan tasha!"

Nan take mata goma sha biyu suka tsiro daga ƙasa, kowace da ƙwaryar kiɗa, suka karɓa: "Na bayan tasha!"

"Dije, su wa ke nan?"

"'Yan amshinki ne, Tasalla," ta rera min. "A garin nan ko atishawa kika yi sai an amsa miki sau uku."

Ban ruɗe ba. Shekara hamsin ina wannan aiki, na san maganin abin. Na laluba "wai", na laluba "an ce", na laluba "ni ma ji na yi". Babu ko ɗaya. Duk suna aljihun waccan muryar da ke rataye. Ita wannan irin ta zabiya ce, ba ta sauka daga waƙa sai ta kira sunan mai ita. Na ji abin yana tahowa. Na toshe baki da hannu biyu, ya fito ta hanci:

"Ni Tasalla ta Layin Marina na faɗa,
Jikar Maigoro, a je a gaya mata!"

"A je a gaya mata!" in ji 'yan amshi. Raƙumi ma ya amsa.

Sai ga ni a gaban zabuwa.

"Ke, ba ni muryata."

"Tana tsare, Iya. Tun da aka rataye ta take raɗa wa sauran muryoyi asirin mutane. Ta alƙali har ta nemi a canza mata ƙusa."

Ina juyowa sai ga Hajiya Yalwa a kan faifai, mata huɗu sun ɗauko ta. Tana kuka, kafaɗunta suna rawa.

"Kin ci amanata, Tasalla," ta rera. "Amma wallahi kiɗan ya zauna. Maimaita wajen tashar nan."

Na ja numfashi zan maimaita, ƙwarya ta yi ƙarfi, dum, dum, dum, sai na farka.

Luguden taɓarya ne. Matan gidan Malam Tanimu ne suke daka a bayan katangarmu. Na yi hamdala, na taɓa maƙogwaro, na ce "wai" a hankali, ta fito lafiya lau. Sai na kasa kunne. Taɓarya uku suna sauka, bakuna uku suna amsawa: "Na bayan tasha! Na bayan tasha!"

Ashe ba a mafarkin kaɗai na rera ba.

Yau da safe Hajiya Yalwa ta aiko in je tana nemana. Zan je, me zai hana? Da muryar magana zan je. Ita ce ta iya rantsuwa.